Ku Bar Yaran Nan Su Ga Hanya

Fatauci, karatu, jinya da aikin hajji, su ne muka yarda su fitar da mutum daga garinsu ba tare da an yi masa kallon mai taɓin hankali ba. In ka ƙara da biki da gaisuwar mutuwa, ka gama lissafi. Duk wanda ya ɗaure kaya ya ce zai je ya ga ƙasa ne kawai, ba saye ba sayarwa, ba wanda ya rasu, to sunan tafiyarsa yawon banza. In kuwa ya ce da matarsa zai tafi, su biyu rak, a cikin mota za su yi girki su kwana har wata uku, magana ta wuce yawon banza, ta kai a tara dangi.

An kuwa tara su a gidanmu da ke Fezzan, a nan Maiduguri. Ɗan ƙanena ne ya jawo. Rewaya ne, yana kuma haɗa wa mutane sola. Matarsa malamar firamare ce, aurensu bai cika shekara ba. Kuɗin da kowa ya zaci fili zai saya da su, sai ya sayi wata tsohuwar Hiace da ta gaji da jigilar Kano. Mai walda ya cire kujerun baya kaf ya kafa ƙarafa, kafinta ya shimfiɗa katako a kai, aka yanka katifa daidai faɗin motar. A ƙarƙashin gadon akwai akwatuna biyu masu jawowa, ɗaya na tufafi, ɗaya na shinkafa da garin tuwo da busasshiyar kuɓewa da bandar kifi. A bayan kujerar direba ya ɗaure ƙaramar tukunyar gas da jarkokin ruwa. Faifan sola na kan rufi, wayarsa ta sauko zuwa batir, batirin na juya fanka da ƙwan fitila da cajin waya. Ita kuma ta ɗinka labule mai kauri ta zagaye tagogin, ta ware wani lungu a can baya ta ajiye bokiti mai murfi da buta, ta rataya masa nasa labulen. Da na leƙa, ƙamshin turaren wuta ne ya fara tarbata, don 'yar Barno ko ina ta sauka sai ta turara. Niyyarsu su je Akra da Kumasi, su haura Salaga, su dawo gida.

Ni ina bayan yaran, na kuma faɗa a gaban kowa. Yayarmu, wadda ita ce babba a gidan yanzu, ta juyo kaina. "Kai ma da furfurarka kake biye musu? A ɗauki 'yar mutane a riƙa kwana da ita a mota kamar buhun wake? Wannan ba al'adarmu ba ce. A waya suka gani, aikin Nasara ne." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ai ba gudu za mu yi ba, izininku muke nema." Ta ce, "To nawa izinin ba ya shiga mota."

Rabin maganarta gaskiya ne, a waya suka gani. Duk mai buɗe YouTube ko TikTok ya ci karo da irinsu: Bature da matarsa, matasa, sun saki gidan haya sun koma cikin mota, yau sun farka a bakin teku a Maroko, jibi suna dafa shayi a gindin wani dutse a Turkiyya. Amma a ce miji da mata su ɗora gidansu a kan abin hawa su bar ƙasa ba al'adarmu ba ce, wannan ban karɓa ba, balle a ce a Fezzan ake faɗar haka.

Unguwar nan ta fataken arewa ce, mutanen yankin Fezzan na kudancin Libiya ta yau, waɗanda suka riƙa ratso Sahara ta Murzuk da Bilma da Ngigmi zuwa Kukawa, tafiyar watanni a kan raƙumi, daga wannan rijiya zuwa waccan. Da aka kafa Yerwa, wato Maiduguri, a 1907 suka sami matsuguni kusa da fadar Shehu. Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi kansa a yankin Murzuk aka haife shi. Turawan da littattafan makaranta ke yi wa kirari, su Denham da Clapperton da suka iso Kukawa a 1823, da Barth da ya iso a 1851, hanyar da fatake suka daɗe da tattakewa suka biyo, da 'yan jagora na ƙasar. Mu jikokin masu masaukinsu ne, wasunmu ma jikokin 'yan jagoran.

Hanyar gabas ta fi wannan shafar maganar aure. Kafin jirgin sama ya karɓe aikin hajji, Maiduguri ce babban gari na ƙarshe da maniyyacin Nijeriya ke yada zango kafin ya fita ƙasa. Daga nan sai Dikwa, Gamboru, Kusiri, a haye kogi zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a miƙa Ati da Abeshe da Adire, a shiga Sudan ta Junaina, a bi Fashir da Ubayyid har Kartum, a gangara Sawakin a nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba gwauraye kaɗai ke bin ta ba. Mutum kan tashi da matarsa da ƙannensa, guzuri ya ƙare a Wadai, su tsaya su yi noman damina ɗaya ko biyu, su ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, da yawa can suka riƙa tsintar auduga suna tara kuɗin jirgi. A hanya ake haihuwa, a hanya ake yaye, wani lokaci a hanya ake aurarwa. Wasu ba su dawo ba sam. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa shi da jama'ar da suka tsira daga Burmi a 1903, kuma har yau ana Hausa da Fillanci a can. Da motoci suka yawaita, a ƙarshen shekarun 1940, attajiran Kano irin su Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda ta bar sunanta a Fagge. Manyan motocinsu ta nan suke wucewa, maza da mata a saman kaya, tukwane na rataye a jikin bodi.

Ƙanin kakanmu da jaki ɗaya ya bi wannan hanya, da tabarma da tukunya da amaryar da ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba. Ya dawo da 'ya'yan da suka fi jin Larabci a kan Barbarci, ita kuma tsohuwar har ta rasu in ana gardamar wani gari a Sudan ita ake tambaya. Yaya ta fi ni sanin wannan labari, don a cinyar matar ta yi wasa. Da na tuna mata sai ta ce, "Ai su ibada ce ta kai su." Haka ne. Amma ayarin Gwanja fa? Goro ne ya kai su, kuma akwai mata a cikin ayarin, su ke girki a zango, suna kuma nasu ƙaramin ciniki. Mahaifiyar Alhasan Ɗantata a Akra ta zauna tana kasuwanci. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, hanyar fatake ya bi har Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Duk inda ka ji zango a Gana ko Togo, wani ne ya taɓa ɗaukar matarsa ya bar gida, dangi na cewa kada ya tafi.

Su kansu Turawan masu kwana a mota ba baƙinmu ba ne. Muna yara, a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, mukan bi su da gudu in sun tsaya shan mai ko sayen burodi a wajen Kasuwar Litinin: Land Rover da Volkswagen mai kama da akwati da manyan motoci masu rumfa, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura, tayoyi da jarkoki da faifan ƙarfen fitar da mota daga yashi a ɗaure a sama. Daga Aljeriya suke, ta Tamanrasat da Arlit da Agadas da Damagaram, su huta a Kano, su biyo ta nan su fita ta Banki zuwa Mora da Marwa, wasu har Nairobi. Wasu kuma Peugeot 504 suke korowa daga Faransa su sayar a Nijar su hau jirgi su koma. Na tuna wata Baturiya da ta zauna a ƙofar motarsu tana wanke ƙafa a roba, mijinta na ƙarƙashin mota da sifana, mu kuwa mun yi da'ira muna kallo har wani dattijo ya kore mu da sanda, ya ce baƙo ba abin kallo ba ne. Ba wanda ya taɓa su. A filin makaranta suke kwana, da safe a kai musu ƙosai.

Duk wannan ya tsaya, kuma mun san abin da ya tsai da shi. Tun da rikici ya fara a 2009 hanyoyin Maiduguri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya: ta Bama da Banki, ta Dikwa da Gamboru, ta Monguno da Baga, ta Damboa da Biu. An sake buɗe wasu, amma da rakiyar soja, da lokacin shiga da na fita. Ta Damaturu ce ta rage mana, ita ma da rana. A daren 9 ga Fabrairun 2020 matafiya suka iso Auno, kimanin kilomita 25 daga nan, bayan an rufe ƙofar shiga gari, suka kwanta cikin motocinsu a bakin titi suna jiran wayewar gari. Mahara suka auka musu, suka cinna wa motocin wuta, mutum aƙalla 30 suka mutu, aka tafi da mata da yara. Duk ɗan Maiduguri da ya ji an ce kwana a mota, Auno ce ke fara faɗo masa a rai, ba bakin tekun Maroko ba. Yaya ba ta ambaci sunan garin a taron ba, amma na san shi ne a ƙirjinta, kuma ba zan yi mata dariya a kan wannan ba.

Waje ma haka. A Fabrairun 2013 aka sace iyalin wasu Faransawa mutum bakwai a kusa da gandun dajin Waza na Kamaru, tun daga nan masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga wannan yanki. Libiya ta rikice tun 2011. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya mai da Junaina da Fashir, zangon alhazanmu na da, wuraren da ake gudu daga cikinsu. Gasar tseren Dakar da ke ratsa Sahara an soke ta a 2008 saboda barazanar hari, ta koma Kudancin Amurka, yanzu a Saudiyya ake yin ta. Dubi 'yan Nijeriyar da suka yi suna da doguwar tafiya. Newton Jibunoh ya tuƙo mota daga Ingila ya ratso tsakiyar Sahara a shekarun 1960, ya sake ratsa ta a 2000. Amma Kunle Adeyanju da ya taho a kan babur daga Landan ya iso Legas a ƙarshen Mayun 2022, da Pelumi Nubi da ta iso a 7 ga Afrilun 2024 ita kaɗai cikin 'yar ƙaramar Peugeot 107 da take kwana a ciki, duk ta yamma suka zagayo, ta Maroko da Muritaniya da Senegal. Hanyar Agadas zuwa Kano, wadda ita ce miƙaƙƙiya, ba wanda ya kalle ta. Garin da ya kasance mararraba ya koma ƙarshen titi.

To ga inda na tsaya. Abin da ke hana mu tafiya tsoro ne, tsoro mai dalili, sai dai mun fara sa masa rigar al'ada, kuma wannan ne ke damuna. In muka ce tsoro ne, akwai wanda za a tambaya: me ya sa har yau ba a iya bin hanyar kaza bayan la'asar, ina kuɗin gyaranta, yaushe za a cire shingen. In muka ce al'ada ce, shi ke nan an rufe bakin kowa, ba gwamna ba ɗan majalisa da zai ji kunya, tunda mu da kanmu mun ce dama can ba ma zuwa ko'ina. Yaron da aka haifa a unguwar nan shekarar da rikici ya fara, yanzu gemu na shirin fito masa, bai taɓa ganin Tafkin Cadi ba, bai taɓa ganin kushewar Shehunan Kukawa ba, alhali tafiyar 'yan sa'o'i ce. Njamena ta fi Kano kusa da mu nesa ba kusa ba, amma a wajensa wata duniya ce. In aka bar shi a haka zai girma yana rantsuwa cewa kakanninsa ma a tsakanin Gwange da Bulumkutu suka ƙare rayuwarsu.

Uban yaron, ƙanena, shi ba ruwansa da al'ada, kuɗi yake lissafawa, kuma hujjarsa ta fi nauyi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Naira kuma in ta haɗu da sefa a kan iyaka sai ta sunkuyar da kai. Tsohuwar Hiace ba ta san tausayi ba, ga taya, ga baƙin mai, ga abin da zai lalace a garin da ba ka san bakanike ba. Ban musa masa ko ɗaya ba. Na dai tambaye shi nawa aka kashe a bikin yaran nan: lefe akwati-akwati, lafaya da ba a ɗaura ba har yau, wushe-wushe, dina a zauren haya, masu hoto, masu kiɗa, kujerun da aka lulluɓe da leda a ɗakin da ba mai shiga. Ba wanda ya kira taron dangi a kan wannan. Kwana uku aka cinye abin da zai kai su Kumasi ya dawo da su, aka watse, kowa na cewa biki ya yi kyau. Kuɗin motar kuwa guminsa ne, bai ci bashin kowa ba, in sun dawo ya mai da kujeru ya sa ta haya ko ya riƙa ɗaukar kayan sola da ita. Kuma rewaya mai akwatin kayan aiki ba ya yunwa a garin da ke da mota. Irin abin da mai tsintar auduga ya yi a Jazira ke nan.

Su ma yaran na ja musu kunne, don bidiyon nan na waya ba ya faɗin gaskiya duka. Baturen da suke kallo fasfonsa na buɗe masa ƙofofin da namu kore ba ya buɗewa, kuɗinsa na ƙara auki duk inda ya gangaro kudu, sau da yawa ma bidiyon ne sana'arsa, kallon da kake yi shi ke saya masa mai. Ba ya nuna maka yinin da ya yi a rana a kan iyaka, ko daren da zazzaɓi ya kama matarsa. Mu abin da muke da shi yarjejeniyar ECOWAS ce ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. A takarda ke nan. A bakin shinge kuwa sai ka nuna fasfo, da katin rigakafin shawara, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshorar Brown Card, da lesefasen shigar da mota, bayan duk sun cika a ce saura kuɗin hatimi. Iyakar ma ba ta da tabbas: Nijeriya ta rufe nata na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta Nijar ta rufu bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024, ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Tsohuwar hanyar goro, ta Yawuri da Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, ta ratsa yankunan da yau ba a shiga da gaba gaɗi. Dole su gangara Legas su fita ta Seme, su bi Kwatano da Lome da Aflawo, sa'an nan su hauro Salaga ta kudu, wato su shiga garin fataken goro ta ƙofar baya.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a taron ba, don ba a saba faɗarsa a gaban manya ba. Aurenmu na birni, miji ya fita da hantsi, ya dawo bayan isha daga majalisa, ya ci tuwo yana danna waya. Akwai matar da ta shekara goma da miji, ta fi sanin halin maƙwabciyarta a kan nasa. A cikin Hiace babu majalisa, babu gidan iyaye da za a yi yaji a tafi, babu gwaggo da za ta zo sulhu. Za su yi faɗa, wannan ba ko tantama, a kan wanda ya ce a bi dama aka ɓata, a kan gishiri, a kan zafi. Sai dai dole su shirya kafin magariba, tunda gadon ɗaya ne kuma faɗinsa bai wuce na motar ba. Za ta ga yadda fuskarsa ke komawa in taya ta fashe ko jandarma ya riƙe takardu, shi kuma zai ga cewa 'yar Faransancin da ta koya a kwaleji ita za ta fitar da su. Da na tambayi wa ke riƙe da kuɗi, kafin ya buɗe baki ta ce, "Baffa, ni ce ma'aji, shi direba ne kawai." Ta nuno mini littafi, ta ja layi ta raba mai da abinci da shinge da ko-ta-kwana. Addini kuwa bai hana mace tafiya da mijinta ba, shi ne ma muharramin farko, kuma da ba a son musulmi ya yi nisa da gida da ba a sauƙaƙa masa da ƙasaru ba.

Masu cewa an wulaƙanta 'yar mutane, ina so su tuna yadda muke kai matanmu Kano a motar haya. A cusa ta a bayan Sharon, gwiwa a ƙirji, jaka a cinya, wani ƙato na barci a kafaɗarta. Tun daren jiya ta daina shan ruwa, don ta san kusan kilomita 600 ne ba inda za ta zaga. In direba ya tsaya a bayan Potiskum, maza su sauka su tsuguna a gefen titi, ita ta zauna ta kau da kai, leɓɓanta sun bushe, in da goyo ma ruwan nono ya ja baya. Wannan mun saba da shi har ba ma ganinsa, ba wanda ya taɓa cewa ba al'adarmu ba ce. A duk abin da ke cikin motar yaran nan, bokitin nan mai murfi da labulensa ya fi burge ni, ya fi sola, kuma ba namiji ne ya yi tunaninsa ba.

Inda na saɓa da su shi ne kwaikwayon Bature a wajen kwana. Shi yana neman inda ba kowa, bakin ruwa ko tsakiyar daji, don ba shi da kowa a hanya, shi ya sa ma ya cusa komai a motarsa. Mu ba haka muke ba. Akwai unguwar Zango a Kwatano, akwai a Lome, akwai Nima da Sabon Zango a Akra, Kumasi kuwa ba a magana. Ka yi sallama da Hausa a amsa maka, a nuna maka gidan sarkin zango ko na liman. Mu mutanen fatoma ne, masu saukar da fatake, mun san haƙƙin baƙo, mun kuma san yadda baƙo ke sauka. Na ce musu su riƙi tsaraba, turaren wuta da humra da hular zanna, su gai da mai gari, su ajiye mota a ƙofar gidan da aka nuna musu, ita ta shiga wajen mata, shi ya bi jam'i a masallaci. In sun so su koma motarsu su kwanta, ba mai hana su. Wanda ya je Salaga bai zauna da tsofaffin garin sun nuna masa rijiyoyi da inda kasuwar bayi ta ci ba, don akwai wannan ma a tarihin fataucinmu kuma gara su ji shi a inda ya faru, to man fetur kawai ya ƙona. Sharaɗina na biyu, wanda ba sassauci a cikinsa, kada la'asar ta same su a kan titi, ko a Nijeriya ko a waje, kuma su kira gida duk inda suka sauka.

Abin da ya rage ba na dangi ba ne, na hukuma ne, kuma ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Titin Kano zuwa Maiduguri da aka shekara da shekaru ana raba shi biyu, ya kamata a ce a Damaturu da Potiskum da Azare akwai fili mai katanga da fitila da masu gadi, inda matafiyin da dare ya riska zai shiga ya kwana a motarsa, da makewayin mata mai ruwa da ƙofa mai sakata. Wannan ba don masu yawon ganin ƙasa kaɗai ba, direban tirela da mai kai mara lafiya sun fi su buƙata. Layin dogon da ya iso garin nan a 1964 ciyawa ta cinye shi. Hanyar Dikwa zuwa Gamboru, wadda kayan Cadi da na arewacin Kamaru ke bi, ramukanta sun isa su karya motar da mahara suka ƙyale. Duk mai neman ƙuri'a da ya shigo Fezzan, tambayar da na tanadar masa ita ce yaushe ƙaramar mota za ta tashi daga tashar Muna bayan sallar asuba, ba rakiya, ta yi la'asar a Njamena. In ya ce ba ta yiwuwa, direbobin da suka yi ta yin haka suna nan da ransu a bakin tasha, yana iya zuwa ya tambaye su nawa ne kuɗin mota a lokacin.